Tambaya Mabuɗin Ilimi: Wane Littafi, Wane Marubuci?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka taru: wane littafi ya kamata a karanta, wane marubuci ne gwani, da yadda mutum zai ɗanɗana wa ɗan'uwansa abin da ya ji daɗinsa ba tare da an yi baram-baram ba. Mun zaɓi shida. Kamar kullum, mun sakaya sunaye, mun kuma rage tsawon tambayoyin.

Daga wata ɗaliba a Katsina: Assalamu alaikum. Ni duk karatuna a waya nake yi, littattafan soyayya da ake sakewa shafi-shafi. Malaminmu na Hausa ya ce wanda bai karanta tsofaffin littattafai ba bai san Hausa ba. Na ɗauki Gandoki, na kasa wuce shafi goma. Ta ina zan fara?

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Ba kanki ne ya yi nauyi ba, ƙofar da kika bi ce ba taki ba. Gandoki, na Bello Kagara, labarin yaƙi ne, cike yake da kirari da sunayen makamai da na garuruwa, can gaba kuma ya zarce da ke duniyar aljannu. Wadda ta saba da labarin da zuciya ke jan ragamarsa dole ta yi hamma a nan. Ajiye shi tukuna, ba gudu zai yi ba.

Fara da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980. Labarin soyayya ne na wata Bafulatana, siriri ne, Hausarsa kuma ba ta yi nisa da wadda kike ji a gida ba. Daga shi sai Jiki Magayi, inda mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, saurayin kuma ya ƙudiri ramuwa. Jigon ba baƙonki ba ne, harshen ne kawai zai fara mayar da ke baya. In kin gama waɗannan biyun, kunnenki ya gyaru, sai ki ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ki sha dariyar Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Sannan Magana Jari Ce, juzu'i na ɗaya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya biyo baya, don shi a natse yake tafiya, labarin bauta ne da uwa mai neman ɗanta, ba a karanta shi ana sauri. Gandoki ya zo a ƙarshe.

Yawancin waɗannan sun fito ne daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Marubutan sun tashi cikin tatsuniya da hirar dare, shi ya sa rubutunsu ya fi daɗi a kunne fiye da a ido. Abin da ke kayar da sabon shiga ke nan: yana bin layi da ido cikin sauri kamar yadda yake shafa fuskar waya, alhali jimlolin dogaye ne, ba a yanka su a inda rai zai tashi don a dawo gobe ba. Ki karanta a bayyane, ko da ƙasa-ƙasa ne, shafi takwas zuwa goma a zama ɗaya.

Sai kalmomi. Ki riƙe fensir, ki ja layi ƙarƙashin wadda ba ki sani ba, amma kada ki tsaya. In kin kai ƙarshen zaman, ki zaɓi biyar kawai ki tambayi kaka, ko ki duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006. Mai tsayawa a kan kowace kalma ba ya kai shafi na ashirin. Kuɗin da ke cikin labaran ma kan rikita mutane, tunda naira sai a 1973 ta zo. Riƙe wannan: kwabo 3 taro, kwabo 6 sisi, kwabo 12 sule, sule 20 fam ɗaya. In kika ji an ba mutum fam biyar, to ba ƙaramar kyauta aka yi masa ba.

Maganar malaminku kuwa, rabinta muka yarda da shi. Hausar da ke cikin wayarki Hausa ce, ta mutanen yau. Abin da tsofaffin littattafan za su ba ki wanda wayar ba ta cika bayarwa ba shi ne tsabtar rubutu. A can za ki ga "ya ce" a rabe, ki ga bambancin "a kan tebur" da "akan yi haka", ki ga ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ a inda ya dace. Ido na koyon wannan ba da saninsa ba.

Daga wani tela a Gusau: Musu muke yi a majalisarmu har ya kusa raba zumunci. Ni na ce tun da aka fara rubutun Hausa ba a yi kamar Abubakar Imam ba. Abokina ya ce Imam kwashe-kwashe ya yi, marubutan Kano sun fi shi sanin rayuwa. Ku raba mana gardama.

Maigida, ku duka kuna da gaskiya, sai dai ba a kan abu ɗaya kuke musu ba. Abokinka bai yi ƙarya ba: labarai da dama na Magana Jari Ce daga waje aka samo tushensu, daga Dare Dubu Da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Turai. Ko Ruwan Bagaja akwai inuwar littafin Larabcin nan Maƙamatul Hariri a jikinsa. Amma kai tela ne, ka san ba saƙar yadi ake yaba maka ba, yanka da ɗinki ne. Imam ya ɗauko yadin wasu ya ɗinka babbar riga wadda ba wanda zai ce ba a ƙasar Hausa aka yi ta ba. A sarrafa harshe, da raha, da iya ajiye karin magana a gurbinsa, mu ma a nan ba mu ga na biyunsa ba.

Inda abokinka ya fi ka hujja shi ne tsakar gida. Nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ka ga yadda aka kori mace da 'ya'ya tara don maigida ya yi amarya, ka ga lissafin cefane da kuɗin makaranta. Imam bai shiga wannan ɗakin ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya kama matasan zamaninsa ne saboda ya faɗi abin da ke cinsu game da kuɗi da aure. Akwai ma wani rukuni da ku biyun kuka tsallake, na tsakanin Imam da Kano: Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. In cin hanci da fasa-ƙwauri da ta'asar birni ake nema, nan za a je.

Ku yi musaya. Ka ba shi juzu'i na biyu na Magana Jari Ce, inda aku biyu ke gasar ba da labari, shi kuma ya ba ka wanda ya fi so a cikin nasa. Ku sa mako biyu. Wanda bai gama ba ya sayi shayin majalisa.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos: Duk littafin da na yaba wa ƙawata sai ta dawo da shi ta ce bai yi mata ba, har na fara jin haushi. Ni ma wanda ta ba ni na kasa gamawa, ina jin nauyin gaya mata. Yaya ake yi?

'Yar'uwa, kuskuren da kusan kowa ke yi ke nan: mutum na ba da littafin da shi ya so, maimakon wanda mai karɓa zai so. Abincin wani gubar wani. Kafin ki sake miƙa mata komai, tambaye ta littattafai uku na ƙarshe da ta gama, da guda ɗaya da ta watsar, da dalilin watsarwar. Amsar ta ƙarshe ta fi sauran amfani. In ta ce "ya cika jan rai", kada ki ba ta mai juzu'i huɗu. In ta ce "wa'azi ya yi yawa", kin san inda za ki kauce. In ta ce "ƙarya ta yi yawa", to ba ta son aljannu da takubba, labarin gida take so, irin na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa.

Wajen yabon ma akwai dabara. "Wallahi ya haɗu" ba bayani ba ne. Gaya mata irin labarin, da tsawonsa, da yanayin Hausarsa, ko ta Kano ce, ko mai karin Sakkwato, ko mai yawan Ingausa. Sai kuma abin da aka fi mantawa, wato aibinsa. Ce mata, "Farkonsa na da sanyi, sai an kai wajen shafi 30 yake kama wuta." Wadda aka gaya wa haka za ta daure. Wadda aka cika wa kunne da yabo kuwa, tana cin karo da sanyin nan za ta ajiye. Kada kuma ki ba da labarin ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, balle ki tona wanda ya mutu ko wadda aka aura.

Nata da kika kasa gamawa, ki ba shi haƙƙinsa: shafi 40 in babba ne, kashi ɗaya cikin uku in ƙarami ne. In har a nan ba ki damu da abin da zai sami kowa a cikinsa ba, mayar mata. Kada ki ce littafin banza ne, don wanda ya zagi gwanin mutum kamar shi ya zaga. Faɗi takamaiman inda kika tsaya da abin da ya tsayar da ke. Sau da yawa daga nan hira mai daɗi ke tashi, ta fi ta "ni ma ya burge ni".

Daga wani malamin sakandare a Azare: Muna so mu kafa zauren karatu, mu da wasu abokan aiki. An taɓa gwadawa, bai yi wata uku ba ya watse. Me ke kashe irin wannan zama, kuma yaya za mu tsara shi?

Allah ya gafarta Malam. Abu na farko da ke kashe shi yawa ne. Mutum shida zuwa goma sun isa. In an kai ashirin, uku ne za su yi ta magana, sauran su koma 'yan kallo, ɗan kallo kuwa ba ya zuwa sau huɗu. In masu so sun yi yawa, a raba gida biyu.

Na biyu, buri. Ranar farko kowa na da zafi, sai a yanke littafi guda kowane mako. Mako na uku rabin mutane ba su karanta ba, kunya ta hana su zuwa, shi ke nan an fara zubewa. Ku zauna sau ɗaya a mako biyu, awa ɗaya da rabi, a rana da wurin da ba sa canzawa. Bayan la'asar ta fi, don magariba na tashin zaman da kanta, ba sai an kori kowa ba. Shafi 50 zuwa 60 tsakanin zama da zama, wato shafi huɗu a rana. Ko mai gyaran takardun jarrabawa zai iya wannan. A kuma yi doka cewa wanda bai gama ba ya zo hakanan, amma ba zai hana a tattauna abin da aka karanta ba.

Zaɓen littafi ku yi shi kamar adashi. A rubuta sunaye, a bi layi, kowa da ranar ɗaukarsa. Mai zaɓe shi zai buɗe zaman da minti biyar, ya faɗi dalilin da ya kawo wannan littafin, ya karanta shafi ɗaya da ya fi so a bayyane. In aka bar zaɓe a hannun mutum ɗaya, ko da shi ne ya fi kowa sani, zauren ya zama aji. Sharaɗi guda za a ɗora wa mai zaɓe: ya tabbatar akwai kwafi aƙalla ɗaya ga kowane mutum biyu, kuma littafin cikakke ne. Wannan na da muhimmanci ga littattafan Kano, da yake yawancinsu kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu. Ba abin da ke sanyaya gwiwa kamar a gama na biyu a tarar na uku ya ɓace a kasuwa. A haɗa su duka a hannu kafin a fara. Kuɗin saye kuma a tara shi wata-wata, daidai abin da mafi ƙarancin albashi a cikinku zai iya, a ba mutum ɗaya ajiya, wani dabam ya riƙe littafin lissafi.

A cikin zaman, kada a ɓata lokaci wajen maimaita labarin, kowa ya karanta. Tambayoyi irin waɗannan sun fi tayar da magana: wane ne a cikin labarin ka fi jin haushinsa, kuma marubucin ya yi masa adalci? A ina ka ji marubucin ya yi ha'inci don labari ya tafi? Wace jimla ce ka so a ce kai ka rubuta ta? Mai jagora ya fara da wanda ya fi kowa shiru, ya bar mai baki a ƙarshe. In shugaban makaranta na cikinku, shi ma ya jira ƙarshe, don in ya riga ya ce littafi ya yi kyau, ba ƙaramin malamin da zai ce a'a.

Ku riƙa sauya ɗanɗano. Bayan ƙagaggun labarai biyu, a sako wasan kwaikwayo, kamar Uwar Gulma ko Jatau Na Kyallu, a raba wa mutane sunaye a karanta da murya. Irin wannan ranar ce ke dawo da waɗanda suka fara ja da baya.

In kun buɗe dandalin WhatsApp don tunatarwa, to ya tsaya a tunatarwa. Da zarar an fara turo sanarwar ɗaurin aure da muhawarar siyasa, maganar littafi ta nutse. Littafin da marubuciya ke sayarwa ta waya kuma, kada mutum ɗaya ya biya ya watsa wa tara. Guminta ne, kuma irin wannan ne ke sa wasu su bar labari a tsakiya.

Daga wata uwargida a Zariya: Ina da kwali biyu na littattafai tun ina budurwa. Masu aro sun cinye rabi, sauran kuma suna ɓarewa, wasu gara ta taɓa. Ina mafita?

Ranki ya daɗe, Hajiya. Aro dai ba a hana shi, amma a sa masa linzami. Ki sami ƙaramin littafin rubutu: sunan littafi, sunan mai aro, ranar ɗauka. Ki rubuta a gabanta, ganin an rubuta kaɗai na dawo da rabin kaya. Kashi ɗaya ake bayarwa, sai an dawo da na ɗaya a karɓi na biyu, son jin ƙarshe zai kawo ta da ƙafarta. Ki rubuta sunanki a shafin farko da kuma wani shafi na tsakiya, don bango shi ke fara fita. Wanda kuma kika san ba a sake buga shi, a karanta shi a ɗakinki.

Ɓarewar kuwa, yawancin ƙananan littattafan nan da 'yar waya biyu aka ɗinke tsakiyarsu. Damina na zuwa wayar ta yi tsatsa, ta ci takardar, shafukan tsakiya su fara zubewa. Ki buɗe littafin a tsakiya, ki ɗaga wayar da bakin wuƙa ki zare ta. Ki huda rami uku a kan layin ninkin, ɗaya a tsakiya, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, kina kauce wa inda tsatsa ta ci. Ki sa zare mai ƙarfi a allura, tsawonsa kamar uku na littafin. Daga ciki ki fita ta ramin tsakiya, ki bar ɗan wutsiya, ki shigo ta na sama, ki tsallake tsakiya ki fita ta na ƙasa, ki sake shigowa ta tsakiya. Sai ki ɗaure bakin zaren biyu a kan dogon zaren da ya ratsa. Minti biyar ne. Masu kauri da aka manne da gam, farin gam irin na kafintoci za ki shafa siriri a gadon bayan, ki mayar da bango, ki danne da abu mai nauyi ya kwana. Ki guji salatif: shekara biyu zai yi ja, ya bushe, ya faɗi, ya bar tabo mai maiƙo a kan rubutu.

Kwali a ƙasa jingine da bango gayyatar gara ce. Ki ɗora su a kan katako ko bulo, tazarar taƙi ɗaya daga ƙasa, ki janye su daga jikin bango. Wanda gara ta taɓa ki ware shi, ki kakkaɓe shi a waje. Kada ki ƙulle littafi a leda da damina, laima za ta taru ya yi funfuna. In ruwa ya jiƙa wani, kada a shanya shi a rana, zai kumbura ya lanƙwashe. A tsayar da shi a buɗe a inuwa inda iska ke bi, in ya sha iska a sa farar takarda tsakanin shafuka a danne.

Daga wani ɗalibi a Maraɗi: Ina son rubutattun waƙoƙi, amma in na buɗe sai in ji kamar ba Hausa ba. Da wa zan fara?

Ɗan'uwa, waƙa ba a yi ta don ido ba. Fara da wadda kunnenka ya riga ya sani, wato Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zazzau, wadda almajirai da makafi suka daɗe suna rerawa. Ka nemi mai rera ta, ka bi rubutun da yatsa yana yi. Baiti biyar a rana ya isa. Ka lura da amsa-amo, wato sautin da ke maimaituwa a ƙarshen baiti, shi ne igiyar da za ka riƙe. Kalmomin da ke ba ka wuya galibi Larabci ne, malamin zaure zai warware maka su nan take.

Daga nan sai Mu'azu Haɗeja, don maganarsa a miƙe take. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, sai ka ɗan san siyasar Arewacin Nijeriya kafin samun 'yancin kai, in ba haka ba habaicinsa zai wuce ka. Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu ka bar ta sai ka yi ƙwari, don shi da gangan yake tono kalmomin da aka binne. Kuma tunda bugun Nijeriya za ka fi samu, kada rubutun ya ɗaure maka kai: inda kuka saba ganin ƴ a Nijar, su 'y suke sawa, sautin ɗaya ne.